A Buɗe Mana Binciken Da Aka Yi A Kanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Sakkwato, ina kuma karatun digiri na biyu kan 'Yan Taru, tsarin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa, inda jaji, wato malamar da ke jagorantar mata, ke ɗaukar waƙoƙin wa'azi ta kai wa matan ƙauye. Kwanan baya na ci karo da wata maƙala a intanet, daidai abin da nake nema. Shafin farko kaɗai aka nuna mini, sauran sai na biya da dala. Da na juya kuɗin zuwa naira, ya haura cefanen gidana na mako guda.

Abin da ya fi ɓata mini rai, marubucin nan garinmu ya zo. Tsofaffinmu suka shimfiɗa masa tabarma, suka ba shi labari kyauta. Yanzu jikokinsu ne za su sayi maganar kakanninsu? A garin da Shehu da Abdullahi da Bello suka yi ta wallafa littattafai, almajiri ya aro, ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe abinsa, ba mai karɓar ko anini.

Tun sanarwar Budapest ta 2002 ake kiran a buɗe bincike kowa ya karanta kyauta, kuma an ɗan samu ci gaba. A AJOL, wato shafin intanet na African Journals Online, akwai mujallun Afirka da yawa da ake saukewa ba biya. Sai dai manyan kamfanonin ɗab'i sun sauya dabara: mai karatu ya huta, marubuci ya biya. Likita mai tallafin bincike zai iya. Malamin adabin Hausa da ke jiran albashi fa, alhali ƙarin girmansa na rataye da yawan maƙalu?

Roƙona ga TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta ɗauki nauyin mujallun tarihi da harsuna, kada marubuci ya biya, kada mai karatu ya biya. Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma ta ƙara himma wajen ɗora kundayen ɗalibai a intanet, da taƙaitaccen bayani cikin Hausa.

Waccan maƙala dai wani abokina da ke karatu a Ingila ne ya turo mini ta WhatsApp, bayan mako uku ina magiya.

Naka,
Malamin tarihi,
Unguwar Mabera, Sakkwato