Zuwa ga Baba, a kan 'yan tumakin da aka yaye

Buraida, ƙasar Saudiyya

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen Rigasa. Ni ma lafiya lau, sai dai zafi. A nan yankin Ƙasim kafin azahar ya haura digiri 40.

Auta ya turo mini hoton 'yan tumakin da aka yaye. Ya ce tun da aka raba su da iyayensu suka tsaya cak, har kana shawarar a sayo rago Balami a Zango da kuɗin da na aiko, don a canza iri. Baba, ka yi haƙuri, ni a ganina 'Yankasan nan ba su da laifi. Na ƙura wa hoton ido, ƙasan garken duk caɓi ne, ga kashi ya cakuɗe da ruwan Agusta. Ko Balamin aka kawo, haka 'ya'yansa za su rame.

Ɗan da ya bar nono cikinsa bai gama sabawa da ciyawa ba, abu kaɗan ke kayar da shi, kuma da damina tsutsar ciki ce babbar ɓarauniya. Ƙwanta na fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a danshi, ta hau ɗanyar ciyawa tare da raɓa. Don Allah kada a sake su sai rana ta busar da raɓar. Auta ya kama su ɗaya bayan ɗaya, ya ja fatar ido ta ƙasa. In ciki ja ne, to madalla. In ya yi fari fat, ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, jini ake sha musu, a kira malamin dabbobi ya ba su magani daidai nauyinsu, kada a yi da ka. A zuba yashi a ɗaga ƙasan garken, a haƙa wa ruwa hanya.

A gonar da nake aiki, namu abokin gabar rana ce. Da tsaka tumakin Na'imi ba sa ko kallon sha'ir, sai haki. Shi ya sa muke zuba musu bayan asuba da kuma dab da magariba. Ku ma za ku ga haka a Maris da Afrilu, gara tun yanzu a tanadi zana a shimfiɗa kan rufin kwanon nan.

Sai batun tagwayen farar tunkiya. Tagwaye dama da ƙaramin jiki suke zuwa, manya kuma na ture su daga komin abinci. A ware musu wurinsu, da dusa da ƙowa da ɗan angurya, a ajiye kanwa a gefe. Sauran kuɗin a riƙe zuwa kaka a sayi harawa tana da araha, kafin hunturu ya ƙone ciyawa.

A gaida Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa. Auta kuma ya sake turo hoto bayan mako uku, ya ɗauka daga gefe yadda zan ga haƙarƙarinsu.

Ɗanka mai biyayya.