Bumfit da ƙidayar makiyayan tumakin Ingila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, Allah Ya ƙara basira. Na ga ana ta ja-in-ja a filin wasiƙunku kan karin harshe, wasu na cewa duk abin da ba daidaitacciyar Hausa ba ƙauyanci ne. Har da masu kafa hujja da Turawa, wai su bakinsu ɗaya ne daga Landan har ƙarshen ƙasar. Maganar ba haka take ba, kuma kalma ɗaya ta ishe ni shaida: bumfit.

Ko ɗan makarantar da ya fi kowa Turanci aka tare da ita, sai ya yi zuru. Ma'anarta goma sha biyar. Makiyayan tumaki ne suke amfani da ita a dā a arewacin Ingila, a tsaunukan Cumbria da kwarurrukan Yorkshire, har zuwa Lincolnshire a gabas. Ba ita kaɗai take tafe ba, tana cikin wata ƙidaya ce ta musamman wadda ke tsayawa a ashirin. A wajejen garin Keswick na Cumbria cewa suke yan, tyan, tethera, methera, pimp, ga biyar ke nan. Sai sethera, lethera, hovera, dovera, dick, an kai goma. Daga nan a riƙa ɗora ɗaya, biyu, uku a kan dick har a iso bumfit, sannan a sake ɗorawa a kanta: yan-a-bumfit sha shida, tyan-a-bumfit sha bakwai, har giggot, wato ashirin. Kowane kwari da nasa lafazin. Mutanen Lincolnshire pethera suke ce wa huɗu, ashirin kuma figgot.

In makiyayi ya kai ashirin ba ya wucewa. Sai ya jefa tsakuwa ɗaya a aljihu, ko ya tsaga alama a sandarsa, ya koma kan yan. Tumaki na ta shigewa ta ƙofar shinge, bakinsa na tafiya kamar mai rera waƙa, a ƙarshe ya ƙirga tsakuwoyin. Biyar a aljihu, garken ya cika ɗari. Wannan tsaga ta jikin sanda ita ce ma asalin kalmar score da Turanci ke nufin ashirin da ita, daga harshen mutanen arewacin Turai na dā aka samo ta. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci ba za su yi mamaki ba, tunda su ma tamanin ɗinsu ashirin huɗu ne, quatre-vingts.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne asalinta, domin bumfit ba Turanci ba ce sam. Kafin kakannin Ingilishi, wato Anglo-Saxon, su ƙetaro teku a ƙarni na 5, mutanen tsibirin wani harshe suke yi na dangin Celtic, wanda harshen Wales na yau jikansa ne. A harshen Wales biyar pump ce, ana furta ta kusan kamar pimp. Huɗu pedwar, goma deg, sha biyar pymtheg. To ga abin lura: mutumin Wales in zai ce sha shida a ƙidayarsu ta gargajiya, un ar bymtheg yake cewa, ɗaya a kan sha biyar, harafin farko ya juye daga p zuwa b bisa ƙa'idar nahawunsu. A ajiye bymtheg kusa da bumfit, ko makaho ya shafa ya san jini ɗaya ne. Tsarin ma iri ɗaya, a tsaya a sha biyar a ɗora a kai, abin da Turanci bai taɓa yi ba. Sunan Cumbria kansa tushe ɗaya ne da Cymru, sunan da mutanen Wales ke kiran ƙasarsu, kuma an yi wani harshe a yankin mai suna Cumbric wanda ya mutu wajen ƙarni na 12.

Masana sun rabu biyu. Wasu na cewa ƙidayar ragowar wancan mataccen harshe ce, ta maƙale a bakin makiyaya shekaru ɗaruruwa bayan kowa ya koma Turanci. Wasu kuma sun ce a'a, daga baya ta shigo, ta bakin mutanen Wales masu koro shanu da ƙafa zuwa kasuwannin Ingila, kamar yadda ake koro namu zuwa kudu kafin zuwan tireloli, ko ta bakin masu zuwa haƙar ma'adinai. Hujjarsu ita ce ba a samu ƙidayar a tsofaffin rubuce-rubuce ba, yawanci a ƙarni na 19 aka tattara ta, lokacin da Alexander Ellis ya bi sawun ire-irenta ya gabatar wa ƙungiyar masana harshe ta Landan a ƙarshen shekarun 1870. Ni dai na fi karkata ga na biyun, don kamanninta da harshen Wales na baya-bayan nan sun yi yawa. Amma rashin rubutu ba ya kashe magana. Wane malami ne a wancan zamani zai ɓata tawada kan abin da makiyayi ke gunguni a bayan tumaki?

Ba makiyaya kaɗai suka riƙe ta ba. Mata masu saƙar ulu sun ƙirga ɗinki da ita, yara sun mai da ta waƙar wasa, har ta ƙetara Amurka. Sai dokar ilimi ta 1870 ta buɗe ƙofar makaranta ga 'ya'yan talakawa, ƙidayar aji ta danne ta gida. Da ba a samu masu rubutawa ba, da shi ke nan. Irinsu Joseph Wright, wanda ya fara aikin korar jaki yana ɗan shekara shida, bai iya karatu ba sai da ya kusa sha biyar, ya zama farfesa a Oxford, ya fitar da ƙamus na karin harsunan Ingila juzu'i shida tsakanin 1898 da 1905.

Mu ma muna da irin wannan ajiya. Ashirin, talatin, arba'in duk daga Larabci muka aro su. Kafin nan gomiya biyu, gomiya uku ake cewa, kuma har gobe akwai tsofaffi a ƙasar Hausa ta yamma da ba su saki ba. A zamanin wuri, hauya ashirin ce, zangu ɗari. Yaro nawa ne a yau zai ji hauya bai tuna da gona ba? Waɗanda ke kiran wannan ƙauyanci, da bakinsu suke zubar da abin da Turawan da suke koyi da su suka sa a ƙamus.

Roƙona, Malam Edita, ku ware ɗan gurbi a filin harshe, ko layi goma ne a mako, masu karatu su riƙa aiko da tsofaffin kalmomin ƙidaya da awo da suka ji a garuruwansu, na kasuwar hatsi, na kara, na masu saƙa da marina. Kowa ya faɗi garin da ya ji kalmar da irin sana'ar mai faɗinta, don mai nazari ya san inda zai dosa.

Na gode. Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Zariya