Itacen da Muke Gasa Nama da Shi Ma Kayan Haɗi Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da na ga mun yi sakaci da shi a gidajenmu, musamman yanzu da Babbar Sallah ke matsowa, kowane magidanci yana lissafin kuɗin rago, uwargida tana lissafin citta da kanumfari da masoro da ƙuli-ƙuli, amma da wuya ka ji wanda ya tsaya yana tambayar irin itacen da za a hura wutar gashin da shi. Sai ranar ta zo a miƙa wa yaro 'yan canji a ce ya je ya samo duk abin da zai ci wuta.

Ni kaina na faɗa wannan rami a bara. Yaron da na aika ya ga itace ya yi tsada, sai ya zarce wurin kafintoci ya kwaso guntayen katako da ɓaraguzan tsohuwar ƙofa mai fenti, yana murna ya rage mini kuɗi. Ban duba ba sai da aka sauke cinyar farko. Naman ya yi kyau a ido, amma da ka kai baki sai ka ji wani ɗaci yana kama maƙogwaro, ga warin fenti ya shige har cikin tsoka, yaji kuma bai iya rufe shi ba. Rabin abin da aka gasa a ranar zubar da shi muka yi. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Abin da nake so masu karatu su riƙe shi ne, hayaƙi ba wucewa yake yi ya bar nama yadda ya same shi ba. Yana manne wa kitse da danshin da ke jikin naman, ya bar masa launi da ƙamshi da ɗanɗano, saboda haka duk abin da ke cikin itacen nan, mai kyau ko mai cutarwa, wani kaso nasa cikinmu zai ƙare. Tsofaffin mahauta sun san wannan tun kafin a zo da ilimin sinadarai. Mai tsiren da ya gaji sana'ar ba ya jera tsinkensa a bakin tukuba sai wuta ta lafa ta zama garwashi, kuma idan ka lura, tsire jingina yake yi a gefen wuta, ba a kanta yake kwanciya ba. Mai kilishi ma, bayan ya shanya nama ya tsoma shi a labu ya sake shanyawa, ɗan taɓa wuta kawai yake ba shi, ba ya barin harshenta ya lashe shi.

A cikin itatuwan ƙasarmu, ban san wanda ya kai kirya ba. Itace ne mai tauri da nauyi, shi ya sa ake sassaƙa turmi da taɓarya da shi, kuma gawayinsa ne maƙera suka fi nema tun zamanin kakanni saboda zafinsa da daɗewarsa kafin ya zama toka. Wanda ya samu garwashin kirya zai iya gasa balangu tun daga la'asar har bayan isha'i ba tare da yana ta ƙara itace ba, kuma hayaƙinsa kaɗan ne, mai ƙarfi, wanda ya dace da naman sa da na rago. Marke na biye da shi, yana ci a hankali, yana barin garwashi mai tsabta. Bagaruwa ma tana da zafi. Tsamiya gawayinta na da kyau ƙwarai, sai dai mutanenmu da yawa ba sa son sara ta saboda abin da ake faɗa na masu zama a cikinta, kuma ni ban ga laifin wannan tsoro ba tunda ya bar mana bishiyoyi da dama a tsaye. Busassun rassan mangwaro da na goba hayaƙinsu mai laushi ne, yana da ɗan zaƙi-zaƙi, a ganina su ne suka fi dacewa da kaza da zabo da kifi, waɗanda hayaƙi mai ƙarfi ke danne ɗanɗanonsu.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro, ita ce ta cika tituna da harabar makarantu tun da aka kawo ta daga Indiya a zamanin Turawa, kuma ita ce yanzu ta fi sauƙin samu. Idan ta bushe sosai aka bari ta zama garwashi, ana iya maneji da ita, amma ɗanyenta da ganyenta suna bar wa nama ɗaci. Itacen turare shi ma yana da mai a jikinsa, naman da ya sha hayaƙinsa sai ka ji kamar an shafa masa man zafi. Tumfafiya da aguwa da sauran masu farin ƙaro kuwa bai kamata a kusantar da su wurin abinci ba, ko da a matsayin tsinke ne.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba, kuma abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda wasu al'ummu suka mayar da zaɓen itace wani fanni mai zaman kansa. A Amurka, inda gashin nama a farfajiyar gida ya zama al'adar ƙarshen mako, ana sayar da itacen hayaƙi a buhu da sunan bishiyarsa a jiki. Mutanen tsakiyar jihar Tekzas sun yi fice wajen banda naman ƙirjin saniya da wani itace da suke kira ok, a kan wuta maras ƙarfi da ba ta wuce digiri 105 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, su bar shi sa'o'i goma ko fiye har sai ya yi laushin da za a yanka shi ba wahala. Na kudu maso gabashin ƙasar sun fi son wani itace da suke kira hikori, masu gasa kaji suna neman itacen tuffa, 'yan asalin arewa maso yammacin ƙasar kuma tun kafin zuwan Turawa suke banda kifin salmon da itacen alda saboda sanyin hayaƙinsa. A tsibirin Jamaika, gashin kazar da suka shahara da shi ba ya cika sai an yi shi a kan itacen fimento. Akwai kuma meskit, wanda mutanen kudancin Tekzas da arewacin Meksiko ke alfahari da zafinsa, wanda masana tsirrai suka daɗe suna lissafa shi a gida ɗaya da kiryarmu. Wato abin da wasu ke zubawa a buhu mai tambari su sayar da tsada, mu ɗan'uwansa muke sarewa ba lissafi mu tura gawayinsa birane a tirela.

Maganar kifi ta fi ta nama nauyi, domin nama gashinsa na rana ɗaya ne, banda kuwa abincin kullum ne. Tarwaɗa da bargi da kurungun da ake lodi daga Baga a bakin Tafkin Cadi, da na Yawuri da na fadamun Haɗejiya da Nguru, suna kwana a kan hayaƙi, wani lokaci kwanaki, kafin su iso tukunyar miyarmu. Haka jatan lande da ƙananan kifayen teku da ake kawowa daga kudu, waɗanda galibi da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku ake bandarsu. Gwargwadon daɗewar abu a cikin hayaƙi, gwargwadon abin da zai kwasa ke nan. Masana sun gano cewa idan itace bai ƙone da kyau ba, ko kitse ya riƙa ɗiga kan garwashi yana tayar da baƙin hayaƙi, ana samun wasu sinadarai da ake taƙaita sunansu da PAH. Ɗaya daga cikinsu, benzopirin, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan cuta ga ɗan Adam. Tarayyar Turai, tun daga watan Satumba na 2014, ta rage iyakar abin da ta yarda a samu a bandar nama da kifi daga maikurogiram 5 zuwa 2 a kowane kilo, alhali maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Wannan ma'auni na daga cikin abubuwan da ke tare wa bandar ƙasashenmu hanyar shiga kasuwanninsu.

Maƙwabtanmu sun yi ƙoƙari a kan wannan. A 1969 aka fito da murhun banda na Corko a Gana, wanda ya samo sunansa daga wata unguwar masunta a Akara, inda ake jera faifan waya masu firam na katako ɗaya bisa ɗaya a kan murhun laka, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka, itace kuma ya ragu sosai. Daga baya aka lura cewa rage itace bai magance matsalar baƙin hayaƙi ba, sai aka ƙirƙiro wani a Caroy ta ƙasar Senegal tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda daga cikin sirrinsa akwai abu biyu: a yi amfani da garwashi maimakon wuta mai harshe, a kuma sa tire a ƙasa ya tare kitse kada ya zuba a wuta. Wannan dabara ba ta fi ƙarfin kowane magidanci ba. Wanda ya yanka tsohon duro ya yi magasa, zai iya tara garwashinsa a gefe ɗaya, ya ajiye naman a ɗaya gefen, ya sa faranti da ɗan ruwa a ƙarƙashinsa, ya rufe ya bar ƙaramar kafa. Idan hayaƙin da ke fita siriri ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, wutar ta yi daidai, idan kuwa fari ne mai kauri ko baƙi, itacen ɗanye ne ko iska ba ta shiga. 'Yan'uwanmu na Nijar ma, da suke gicciye ragunan layya a kan sanduna su kewaye wuta da su a Yamai da Maraɗi da Damagaram, zafi ne ke gasa musu nama daga gefe, kitsen kuma ƙasa yake sauka.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, shi ne abubuwan da tsadar itace ta sa mutane suka fara jefawa a wuta. Tsohon fenti sau da yawa yana ɗauke da dalma, kuma bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga sarrafa ma'adinin zinare ta kashe ɗaruruwan yara, ba sai an yi wa ɗan arewa dogon bayani a kan wannan guba ba. Katakon rufi da sandunan da aka jiƙa da maganin gara, wasunsu da sinadarin arsenik mai guba aka jiƙa su. Filawud cike yake da gam. Katakon da ake ɗora kaya a kai a cikin kwantena yana zuwa da hatimi a jiki, idan ka ga haruffan HT, da zafi aka kashe ƙwarinsa, idan kuwa MB ne, hayaƙin guba aka busa masa, kuma ko mai HT ɗin ma ba ka san abin da ya zube a kansa a hanya ba. Ga masu tayar da wuta da leda ko tsohon silifas ko kananzir su ɗora nama kafin warin ya fita, ga kuma masu babbake kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya, abin da ya zama ruwan dare a wasu mayanka har an daina ganin muninsa.

Ina kira ga sarakunan fawa da shugabannin ƙungiyoyin masu tsire da masu banda su sa ido a kan abin da yaransu ke hura wuta da shi, domin maganarsu ta fi ta jami'in gwamnati shiga kunne a bakin tukuba. Ina kuma roƙon ma'aikatun gandun daji na jihohinmu su sa kirya da marke cikin irin da suke renowa suna rabawa lokacin dashen bishiyoyi, kada abin ya tsaya a darbejiya da turare kawai don suna saurin girma. Na san kirya ba ta sauri, wanda ya dasa ta wataƙila 'ya'yansa ne za su mora, amma a kasuwar itacen unguwarmu yau sai ka yi wa mai sayarwa magana tun da mako guda kafin ya samo maka ɗauri ɗaya nata. Ni dai tun watan jiya na sa aka sassabe mangwaron gidana, rassan suna nan a jingine bayan ɗaki suna bushewa kafin ranar layya.

Wassalam.

Naku mai karanta jaridarku a kullum,
daga Kano.