A raba layin da aka goge da wanda aka gyara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da matasanmu masu rubuta manhaja, musamman masu ƙera abin kwatanta fayil biyu.

Aikina shi ne duba fassarar Hausa ta manhajoji kafin a sake ta, kuma da Git muke aiki, wato manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayil tana nuna abin da ya canza, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Layin da ya fita yakan zo da ja da alamar ragewa, wanda ya shigo kuma da kore da alamar tarawa. Alama ta uku babu. Idan mai fassara ya mayar da k zuwa ƙ a kalma ɗaya, sai layin duka ya yi ja, ga sabonsa kore a ƙasa, kamar an rushe ɗaki an sake gini alhali ƙusa ɗaya aka canza.

Kwanan baya wani abokin aiki ya turo gyaran haruffa masu ƙugiya a wani dogon fayil. Allo ya cika da ja. A tsakiyar jan nan akwai layi ɗaya da hannunsa ya share baki ɗaya: gargaɗin kada mutum ya ba kowa lambar sirrinsa ta banki. Ba shi da kore a ƙasa, amma wa zai lura bayan ido ya gaji? Allah ne ya kiyaye.

Abin takaici, na farko sun san wannan bambanci. Tsohon diff, wato abin kwatanta fayil biyu da Douglas McIlroy ya rubuta tare da James Hunt a cibiyar bincike ta Bell Labs, wanda ya fito cikin babbar manhajar kwamfuta ta Unix a 1974, yana sa harafin "d" a gogewa, "c" a canji, "a" a ƙari. Sabon tsarin diff da ya bazu daga 1990 ne ya bar mu da alama biyu.

Roƙona, layin da aka gyara ya tsaya a wurinsa, a haskaka kalmar da ta canza kawai, yadda Wikipedia ke yi. Wanda aka goge kuwa a ja masa layi a tsakiya, a ware shi, domin akwai masu larurar ido da ba sa bambance ja da kore. Git na da zaɓin kwatanta kalma da kalma, amma sai wanda ya sani ke kunna shi. Masu ƙera mana kayan aiki su sa ya zo a kunne tun farko.

Wassalam.

Mai duba fassara, Zariya