Colenso, bishop ɗin da lissafi ya jefa a rigima

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu koyar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a majami'unmu na Legas kan John William Colenso, wanda aka naɗa bishop na Angilika a Natal, Afirka ta Kudu, a 1853. Malamin lissafi ne tun kafin naɗin, lissafin kuma shi ya jawo masa.

Yana fassara labarin jirgin Nuhu da harshen Zulu, sai mai taimaka masa, William Ngidi, ya tambaye shi ko shi kansa ya yarda haka abin ya faru. Bakin bishop ya mutu. A 1862 ya fara buga bincikensa kan littattafan Musa biyar.

Ga yadda ya bi. Littafin Ƙidaya 1:46 ya ce mazan da suka isa yaƙi 603,550 ne. A haɗa da mata da yara, an kai miliyan 2. Farfajiyar alfarwa ta sujada kuwa kamu 100 ce a tsawo, 50 a faɗi, wato kamar fuloti ɗaya da rabi a ma'aunin Legas. To ina za a zuba dukan jama'ar da Littafin Firistoci sura 8 ya ce a tara a ƙofarta? Firistoci ma uku ne kacal, Haruna da 'ya'yansa biyu da suka rage, ga hadayun wannan taro duka.

A ganina ya yi daidai da bai rufe wa Ngidi baki ba, amma awonsa da gyara. Kalmar Ibrananci "elef" da ke cikin wannan ƙidaya tana nufin dubu, tana kuma nufin dangi ko rukunin mayaƙa. "Dukan jama'a" kuma kan iya zama dattawan da ke wakiltarsu.

Bishop Robert Gray na Cape Town ya tuɓe Colenso a 1863, majalisar shari'ar Sarauniya a Landan ta soke hukuncin a 1865. Zulu dai Sobantu suke ce masa, uban jama'a, ya kuma tsaya wa Sarki Cetshwayo lokacin da Ingila ta ci ƙasarsu a 1879. Ya rasu a 1883 yana kan kujerarsa.

Malamin da ɗalibi zai tare da tambayar Ngidi ranar Lahadi, ya zo da ayoyin nan a hannu, ya san ma'anar "elef".

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas