A riƙa tambayar wayar, ba batirin zuciya kaɗai ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da iyalan da aka sa wa wani nasu na'urar daidaita bugun zuciya, wadda jama'a ke ce wa batirin zuciya, da kuma likitocin da ke sa ta. Duk mai zancen wannan aiki, batiri yake tambaya: shekara nawa zai yi, nawa ne kuɗinsa, ƙirar wace ƙasa ce. Da wuya ka ji mai tambayar wayar da ta tashi daga batirin ta shige cikin zuciya. Alhali batiri yakan yi shekara bakwai zuwa goma sha wani abu, a tsaga fata a sauya shi. Wayar kuwa ana sa ta ne da niyyar ta zauna iya rayuwar mutum.

Sana'ata naɗin koyil ce, na injin ban ruwa da janareta, a nan Argungu. Lokacin da Innarmu ta fara yanke jiki tana faɗuwa, aka auna aka ga bugun zuciyarta bai kai 40 a minti ba, likita ya ce sai an sa mata na'urar. Da ya ji aikina, sai ya ɗauko wata waya ta gwaji ya sa mini a hannu. Kaurinta wajen milimita 2, tsawonta ya ɗan haura rabin mita, ga laushi. Ta wata jijiya da ke ƙasan ƙashin da ya ratsa daga wuya zuwa kafaɗa ake zura ta, har bakinta ya taɓa naman zuciya ta ɓangaren dama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙarfen cikinta ba miƙaƙƙe ba ne. Siraran zaruruwa ne aka murɗe su suka zama koyil, da rami a tsakiya inda likita ke zura wani tsinken ƙarfe ya tuƙa ta zuwa inda yake so, sannan ya zare. Dalilin murɗin a fili yake. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, sama da sau miliyan 35 a shekara, kuma kowane bugu sai ya lanƙwasa wayar. Kowa ya san inda igiyar caja ke mutuwa, a wuyanta ne, inda take yawan lanƙwashewa wuri guda. Koyil yana rarraba lanƙwasar ne a kan tsawon wayar don kada wahalar ta taru a gu ɗaya. Kuma ba da jan ƙarfe irin namu ake yin ta ba, domin ruwan jiki mai gishiri ne, zai cinye shi. Haɗi ne na nikel da kobal da kuromiyam da molibdinam, bakin kuma na fulatinam ne da iridiyam.

Rigar wayar ma akwai ciniki a cikinta. Silikon yana da laushi kuma yana jure zama cikin jiki, amma guga tana cin sa. Wata robar da ake kira foliyuretan ta fi ƙarfi da santsi, ana iya yin ta siririya, sai dai an sami nau'o'inta da suka tsattsage bayan shekaru. A can baki kuwa, ko dai 'yan ƙayoyi masu laushi da ke maƙalewa, ko ɗan ƙarfe mai murɗi da ake ɗaurawa cikin naman zuciya. Suna sa ɗan maganin hana kumburi a wurin, mai fita sannu a hankali, saboda in tabo ya yi kauri a bakin wayar, sai an ƙara wuta kafin zuciya ta amsa, batiri kuma ya ƙare da wuri. Ashe ko tsawon ran batirin da muke ta tambaya, wani ɓangarensa a hannun wayar yake. 

Tun 1958 da aka fara dasa irin wannan na'ura a Suwidin, waya ce ke ba injiniyoyi wahala, kuma manyan kamfanoni ma sun yi tuntuɓe. A watan Oktoba na 2007 kamfanin Medtronic ya janye wayarsa Sprint Fidelis daga kasuwa saboda tana karyewa fiye da kima, bayan an riga an sa wa mutum sama da dubu 250. An yi ta siririya ne don ta yi sauƙin shiga jijiya. A 2011 aka yi kiranye ga wayar Riata ta kamfanin St. Jude Medical, domin ƙarfen cikinta yana cin rigar silikon ya leƙo waje. Dukkansu na na'urar da ke ba zuciya girgizar wuta ne in ta rikice. A ƙasashen da ke da rajistar masu na'urar, an bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya an duba su. To in irin haka ta sake faruwa gobe, wa zai nemo tsohuwar da aka yi wa aiki a Indiya ko Masar ko Legas, ta dawo ƙauyenta a Augie ko Yawuri da takarda cikin Turanci wadda jikoki suka riga suka yar?

Shi ya sa nake roƙon iyalai, kada ku baro asibiti sai da katin na'urar, kuma ku duba da idonku cewa an rubuta sunan kamfanin wayar da samfurinta da lambarta, ba na batiri kaɗai ba. Ku yi masa hoto, ku ba mutum biyu ajiya. Ku tambaya ko batirin da wayar duka sun yarda da shiga na'urar hoto ta MRI, domin waya tana iya ɗaukar zafi a ciki ta ƙona naman da bakinta ke taɓawa. Ranar sauya batiri ma sai an san irin kan wayar kafin a sayo wanda zai shiga. Kada kowa ya ɗauka cire ta abu ne mai sauƙi. Bayan shekaru nama yana kama ta a cikin jijiya, fitar da ita aiki ne mai haɗari, har sau da yawa barin ta ake yi a sa wata kusa da ita. An fito da ƙaramar na'ura marar waya, wadda Amurka ta amince da ita a 2016, amma ba kowane ciwo take wa ba, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin talaka.

Ga likitocinmu, Allah ya saka muku, amma ku faɗi dokokin da irin aikin da mutanenmu ke yi. An ce wa Inna kada ta ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa har mako huɗu zuwa shida. Ta amsa da to. Ba a yi sati biyu ba na tarar da ita riƙe da taɓarya za ta surfa gero, domin a wurinta daka ba ɗaga hannu ba ne, aikin gida ne. Ku kira abin da sunansa: daka, jan guga, ɗora kaya a ka, tuƙin kwalekwale, ɗaga homa, huɗa da garma. Ku tambayi mutum da wane hannu yake aiki kafin ku zaɓi gefen ƙirjin da za ku sa na'urar. Ku gaya wa maza aljihun gaban riga, inda muka saba jefa salula, daidai kan na'urar yake, kuma ana so a bar tazarar santimita 15. Mai walda ya nemi shawara kafin ya koma bakin aiki. Tsofaffi kuma hannunsu ba ya rabuwa da ƙullutun batirin da ke ƙarƙashin fata, suna murza shi, wanda hakan kan nannaɗe wayar ya fizgo ta daga zuciya.

Roƙona na ƙarshe ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ne. Ana gane lafiyar wayar ba tare da tsaga jiki ba. Akwai kwamfutar da ake ɗorawa a ƙirji ta karanta yadda wuta ke bi: in turjiyar da wutar ke gamuwa da ita cikin wayar ta yi sama ƙwarai, alamar karaya ce, in ta faɗi ƙasa, alamar riga ta huje. Kowane kamfani da tasa kwamfutar. A buɗe rajistar duk masu na'urar a jihar nan tare da lambar wayar da aka sa musu cikin zuciya, a horar da ma'aikata ko biyu ne, a kuma shirya da kamfanonin su riƙa kawo kwamfutocinsu Birnin Kebbi sau biyu a shekara, a sanar da ranakun a rediyo da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci.

Naku,
Mai naɗin koyil, Argungu, Jihar Kebbi.