Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu Masu Shayi na Kumasi

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne.

Alhamdu lillahi, adashen wata-wata ya zagaya bana ba tsaiko. Mun raka sababbin 'yan'uwa na Aboabo da Asawase sun yi gwajin lafiyar da hukuma ke nema ga masu sayar da abinci, gudunmawar suna da ta'aziyya kuwa ba ta yanke ba.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne maganar ganye. Da damina ta yi nisa wasunmu suka buɗe kwali suka tarar da fumfuna, nan da nan magana ta bazu a Zango cewa cutar gonar shayi ce ta biyo kaya daga waje. Har masu shan safe suka fara tambaya, abin ya dame mu ƙwarai. Sai muka gayyato wani malamin gona ya zauna da mu.

Cutar akwai ta, in ji shi: cutar bororon ganye, wadda naman gwari mai suna Exobasidium vexans ke jawowa. An san ta a Assam ta Indiya tun 1868, ta isa Sri Lanka a 1946. Ɗanyen toho take kamawa, wato ainihin wanda ake tsinka a yi shayi, shi ya sa manoman can ke tsoronta. Da fari ɗigo ne kamar na mai, sai ya kumbura ya yi fari ta ƙasan ganyen. Iska ke yaɗa ƙwayoyinta, laima da hazo ke raya su, rana mai ƙarfi ta kashe su, manoma kuma su yi feshin magani mai sinadarin jan ƙarfe. Amma a jikin ganye mai rai kaɗai take rayuwa, ba ta girma cikin busasshen da ke teburinmu.

Ashe fumfunar tamu ce. Kwali a ƙasa, jingine da bango mai danshi, ko dab da tururin tukunya, a garin da ruwa ke sauka damina biyu! Kwamiti ya yanke cewa kowa ya juye ganyensa cikin gwangwani mai murfi, ya ɗora bisa katako, wanda ya lalace a zubar da shi, kada a ce za a shanya a sake dafa wa mutane. Muna roƙon dattawa su sa ido a kan yaran teburinsu.

Badi muna son fara sayen ganye a haɗe, kaɗan-kaɗan, don kada ya daɗe a ajiye. Mai sha'awa ya ba ma'aji sunansa kafin zama na gaba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya